Ya haɗe ko bai haɗe ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne muke motsa jiki tare, kuma kwanan nan gardamar ƙarfin damƙa ta shiga tsakaninmu, da irin ƙarfen matsin nan mai mariƙi biyu da sifirin a sama. Wani a cikinmu ya kawo bidiyo yana matse wanda aka rubuta wa nauyin fam 300, ya ce ya fi kowa. Na ce ban yarda ba, ya ce hassada ce. Yanzu an sa ranar da za a kara, wai ni ne alƙali. Yaya zan yi adalci ba tare da na ɓata da kowa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɓatawa kam sai ka ɓata da wani, ko da na yini guda ne. Abin da za ka nema shi ne idan ya huce ya rasa inda zai kama ka.

Fara da lambar nan ta fam 300, don ita ce ta haɗa ku faɗa alhali ba ta auna komai ba. Kowane kamfani da yadda yake lissafin nasa. Ɗauki wanda ya fi suna a wannan fage, Captains of Crush na kamfanin IronMind da ke Amurka. Nasu lamba-lamba ne gwargwadon tauri, mai lamba 3 an ce fam 280 ne, wajen kilo 127. Amma masu son tantancewa sukan ɗaure mariƙi ɗaya, su rataya nauyi a can bakin ɗayan, su yi ta ƙarawa har bakunan biyu su taɓa juna. A wannan awon, mai lamba 3 yakan tsaya ne a wajejen fam 150. Ba ƙarya kamfanin ya yi ba. Mariƙin tamkar ƙotar fartanya yake: ka danna a ƙarshe ya zo da sauƙi, ka matso kusa da sifirin ya yi tauri, saboda haka lamba ta danganta da inda aka auna. Ko guda biyu masu lamba ɗaya daga kamfani ɗaya sai ka tarar ɗaya ya fi ɗaya tauri. Ga tsufa kuma: wanda ya sha matsa, aka ɗiga wa sifirinsa mai, ya fi sabo laushi. Don haka ranar karawa kowa ya bar nasa a jaka. Ƙarfe ɗaya, kowa ya matsa shi.

Inda ake yawan cin amana ba wurin haɗewa ba ne, wurin farawa ne. Mai matsa yakan sa ɗaya hannun ya gyara wa ƙarfen zama a tafinsa, kuma wannan halal ne. To amma har ina zai tura? Wani sai ya kai shi saura ɗan yatsa ya haɗe kafin ya janye hannun taimako. Wanda ya fara daga nan da wanda ya fara a buɗe ba aiki ɗaya suka yi ba. IronMind ya fara ba da shaidar matse mai lamba 3 a 1991, Richard Sorin ne na farko, sannan Joe Kinney ya zama na farko a mai lamba 4, na fam 365, a 1998. Daga baya kamfanin ya tsaurara doka: sai an zura katin banki ta faɗinsa, wajen milimita 54, tsakanin bakunan biyu kafin a fara matsa, kuma ƙarfen sabo ne da za a ɓare daga ledarsa a gaban alƙali. A wasu gasanni ɗan katako mai kaurin milimita 20 ake zurawa maimakon kati. Ni a ganina katin yana ɗan zaluntar mai gajerun yatsu, don haka in akwai irinsa a cikinku ku ɗauki katakon. Ko wanne kuka zaɓa, a faɗe shi a gaban kowa tun kafin a taɓa ƙarfen. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai haɗewar kanta. Nan na taɓa jin kunya, shi ya sa nake nanatawa. Wani abokina ya matsa, fuskarsa ta yi jawur, jijiyoyin wuya suka tashi, 'yan kallo suka kaure da ihu, ni kuma na ce ya haɗe. Da aka duba hoton da wani ya ɗauka daga ƙasa, ga haske nan tsakanin bakunan, siriri kamar a zura takarda. Fuskarsa na kalla, ba ƙarfen ba. Tun daga ranar nake durƙusawa in sa idona daidai gindin mariƙan, kuma ba na buɗe baki sai na ga ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Idan ƙaramin yatsa ko naman tafi ya rufe wurin har ban gani ba, ba na cewa mutum bai iya ba, cewa nake ban gani ba, a sake. Wannan 'yar kalma tana kashe rigima da yawa. Ka kuma lura kada ƙarfen ya jingina da cinya ko ciki, kada ɗaya hannun ya dawo.

Bidiyon abokinka kuwa, ban gan shi ba, ba zan ce ya yi ha'inci ba. Amma bidiyon da zai zama hujja sai ya nuna ƙarfen da lambarsa, ya nuna farawa da haɗewa a ɗauka ɗaya ba yanka, kuma ƙarfen bai fita daga hoto ko sau ɗaya ba. Wannan tsantseni ya girmi kyamarar waya. Thomas Inch, wani ƙaƙƙarfan Bature ɗan Ingila da aka haifa a 1881, ya shahara da ƙarfen ɗagawa na hannu ɗaya mai nauyin kilo 78, mariƙinsa mai kaurin wajen santimita 6, wanda ƙarti suka yi ta kasa rabawa da ƙasa. Sai dai ba wannan ƙarfen kaɗai gare shi ba, yana da wasu masu kama da shi da ba su kai shi nauyi ba. Ka ga mai kallo daga nesa ba shi da hanyar sanin wanne aka ɗaga. In gasarku ta kai ga ɗaga nauyi, a ɗora komai a sikeli a gaban jama'a.

Sauran ƙanana ne. Alli kawai a hannu, ban da wani abu mai danƙo, kuma ka duba tafin kowa. Kowa gwaji uku, hutu daidai, a jefa ƙuri'a kan wanda zai fara.

Akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Kai ka riga ka ce ba ka yarda da shi ba a gaban mutane, saboda haka idan ka ce bai haɗe ba, ko gaskiya ce, hassada za a kira ta. Nemo mutum biyu da ba sa cikin gasar su durƙusa tare da kai, a bi abin da biyu suka gani. Idan layi ya zo kan abokin naka, ka matsa gefe ka riƙe waya kana ɗauka daga ƙasa, su su yanke, in sun saɓa a koma ga hoton.