Amsa ga 'yar'uwar da ke neman odar kariya

Salamu alaikum. 'Yar'uwa, da na karanta cewa tsohon mijinki yana tare ki a ƙofar wajen aiki, yana damunki da kira tsakar dare, kina tambayar yadda ake karɓo odar kariya, wato umarnin kotu da ke hana mutum kusantarki ko damunki, da ko tana aiki, wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru. Abin da ya same ni ke nan sak.

Nawa tsohon mijin ya fi wata bakwai yana bibiyata bayan saki. Ranar da ba zan manta ba, na taso daga aikin dare, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ina shiga benenmu sai ga shi zaune a matakala yana kaɗa makullin mota. Ko murya bai ɗaga ba. Cewa ya yi ya san makarantar 'yata, ya san lokacin tashinsu. Ledar da ke hannuna ta suɓuce, madara ta fashe, na tsaya ina kallonta tana gangara, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na kira yayarsa ina kuka, buɗar bakinta sai ta ce in yi haƙuri, kada in kai uban 'ya'yana gaban Turawa in tona asirin gida. Matar da na yi wata biyu ina jinyarta lokacin da ta haihu! Har gobe maganarta ta fi yi mini ciwo a kan abin da shi ya yi. Ke ma za a gaya miki haka, ki toshe kunne.

Tunda a New York kike, ki yi sammako ki je Kotun Iyali ta yankinki. Ba a biyan ko sisi, ba dole sai da lauya ba, rashin takardun zama ba ya hana a ba ki, tafinta ma kyauta ne in kin nema. A ranar alƙali zai iya ba ki ta wucin gadi ba tare da mutumin yana wurin ba. Amma ki ji da kyau, ba ke za ki miƙa masa ba, 'yan sanda ko sherif (jami'in da ke isar da takardun kotu) ko wani da ya kai shekara 18 ne zai kai. Ni na ɗauka da na fito da takarda a hannu shi ke nan, ashe sai ya san da ita za a kama shi da laifin karya ta. Kwana goma sha ɗaya yana wasan ɓuya, ni kuwa ina kwana gidan ƙawata.

Don Allah kada ki goge saƙonninsa. Ni haushi ya sa na goge da yawa, na yi da na sani a gaban alƙali. Ki roƙa a rubuta cewa ko aike ba zai yi miki ba, don ta bakin dangi suke biyowa.

Ranar da aka ce ki koma kotu kada ki fasa, in ba ki je ba ana iya korar ƙarar, odar ta faɗi. Odar ƙarshe, wadda ake bayarwa bayan ta wucin gadi, tana kaiwa shekara 2, in akwai makami ko rauni a maganar har 5, kuma tana aiki a kowace jiha ta Amurka.

Ko tana aiki? Tawa ta yi, amma sai da na daure na kira 911 ranar da ya sake tsayawa a ƙofata, na nuna musu kwafin da ke jakata suka tafi da shi. Hannuna na rawa na kira, tausayinsa ma na ji, Allah ya sani. Ki bar kwafi a makarantar yara da wajen aiki, ki canza kwaɗon ƙofa, don takarda ba ta tare mutum a matakala.

In tsoron zuwa ke kaɗai kike yi, ki yi mini magana ta akwatin saƙo. Ranar Talata ba na aiki, zan raka ki.