Amsar Gwaggo kan lamba ɗaya ta Kirsimeti

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya iso ni ranar Laraba bayan La'asar, na karanta shi har sau biyu. Na ji daɗi da kika ce karatu yana tafiya, sanyin ma bai kayar da ke ba. Allah Ya ci gaba da dafa miki. Babanki ya ce in ja miki kunne kan rigar sanyi, kada ki riƙa fita sakaka don kin ga rana ta leƙo. Ranar Disamba a Ingila haske kawai gare ta.

Kin ce a shagon da kike ɗan aikin ƙarshen mako, tun da watan nan ya kama ba su da zance sai wace waƙa za ta zama lamba ɗaya ta Kirsimeti. Kin ce akwai wata mata mai kimanin shekara arba'in da kullum take cewa ba a sake yin irin ƙungiyar mawaƙa mata ta Spice Girls ba, su da suka riƙe abin shekara uku a jere. Har an zagaya da takarda, kowa ya ajiye fam ɗaya ya canki waƙa. Kina so ki sani ko wannan abu yana cikin addininsu, da kuma yadda za ki yi idan aka jawo ki cikin hirar. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki sa hannu. Shekara 19 na yi ina aikin jinya a ƙasar, daga 1987 zuwa 2006, kuma kusan duk ranar Kirsimeti a bakin aiki ta same ni, domin nakan karɓi aikin abokan aikina a ranar, su kuma su karɓar mini ranar Sallah. A gaban idona aka yi waɗannan shekaru uku da matar take faɗa.

Bari in fara miki da jadawalin waƙoƙin kansa, don sai kin san shi za ki gane sauran. A watan Nuwamba na 1952 wata jaridar kiɗa mai suna New Musical Express ta fara buga wa shagunan faifai kimanin ashirin waya tana tambayar wace waƙa ce aka fi saya a makon, sai ta jera su daga sama zuwa ƙasa. Waƙar da ta fara hawa sama ta wani Ba'amurke ce, Al Martino, ta yi mako tara a wurin, Kirsimeti ta riske ta a can. Daga nan lissafin ya faro. Tushensa ke nan, ƙidayar ciniki ce ta mako guda, kamar yadda mai shagon atamfa zai gaya miki wacce ce ta fi fita a makon Sallah. Coci ba ta da hannu a ciki, limamansu ba sa sanar da shi, ba a yin wata ibada a kansa. Ba zan ɓoye miki ba, a wasu shekaru waƙar da ta hau ta taɓo addininsu, kamar ta ƙungiyar Boney M a 1978 da ta Cliff Richard a 1990. Amma mafi yawa waƙoƙin soyayya ne, ko na yara, ko na neman taimako. Uku ɗin nan na Spice Girls babu wadda ta ambaci Annabi Isa, alaihis salam, biyu na soyayya ne, ɗaya ta ban kwana.

To me ya sa makon Kirsimeti ya fi sauran makonni 51 daraja? Saboda a makon ne aka fi sayen faifai a duk shekara. Uwa za ta shiga Woolworths, shagon da a lokacin babu garin da ba ya ciki, ta sayi alewa da katin gaisuwa, ta haɗa da faifan waƙa na 'yan fam kaɗan ta naɗe wa 'yarta. Wanda ya ci kasuwar wannan mako ya ci babbar kasuwa. Sannan ga rediyo da talabijin. A zamanina ranar Lahadi da yamma tashar BBC Radio 1 take karanto waƙoƙi arba'in, daga ta ƙarshe tana hawowa, ba a jin ta farko sai daf da ƙarfe bakwai. Yara sukan zauna da kaset a rikoda, yatsa a kan maɓalli. Ranar Kirsimeti kuma da rana ake nuna shirin Top of the Pops na musamman, kafin jawabin Sarauniya na ƙarfe uku, iyali duka suna ɗaki ɗaya, daga kaka har jika, kuma waƙar da ta zo ta ɗaya ita ake rufe shirin da ita. Shi ya sa take zama a ƙwaƙwalwarsu tare da ƙamshin abincin ranar da fuskokin waɗanda suka zauna tare.

Wannan ne abin da na fi so ki riƙe. Mutanen nan da waƙoƙin suke ƙirga shekarunsu. Na yi jinyar wata tsohuwa da mantuwa ta ci ƙarfinta, ba ta iya faɗin ranar da ake ciki, wani lokaci ɗanta ma sai ta tsaya tana kallonsa. Amma da aka saka wata tsohuwar waƙar ƙungiyar Beatles a talabijin ɗin ɗakin, sai ta ɗaga kai ta ce a Kirsimetin wannan waƙar mijinta ya kawo kuɗin zoben aurensu. Ɗan ya lissafa, ya ce daidai ne. Na fita na tsaya a baranda na share hawaye. Tun ranar ban ƙara ɗaukar hirar a matsayin shirme ba.

Yanzu ga 'yan matan. Su biyar ne: Melanie Brown, Melanie Chisholm, Emma Bunton, Geri Halliwell da Victoria Adams, wadda daga baya ta auri ɗan ƙwallon nan David Beckham. Ba tare suka taso ba. A 1994 wasu masu harkar kiɗa suka buga talla a jarida suna neman 'yan mata masu waƙa da rawa, aka tace aka haɗa su. Ba su daɗe ba suka rabu da waɗanda suka haɗa su, suka koma hannun wani manaja mai suna Simon Fuller, kamfanin Virgin ya ɗauke su. A Yulin 1996 waƙarsu ta farko, Wannabe, ta fito, ta yi mako bakwai a sama a Birtaniya, ta zo ta ɗaya a ƙasashe 37, har da Amurka inda ta yi mako huɗu a farkon 1997. Gari ya ɗauka. A ɗakin yara na asibitinmu sai ki ga yarinya da ƙarin ruwa a hannu tana motsa baki tana bin waƙar. Kundinsu na farko, Spice, ya fito a Nuwamban wannan shekarar, an sayar da fiye da miliyan 23 a duniya, kuma har yau babu wata ƙungiyar mata da kundinta ya kai shi kasuwa.

Kirsimetin farko, ta 1996, tana da labarin da nake so ki sani. A watan Maris na shekarar wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Scotland ya harbe yara 16 da malamarsu. Ƙasar ta girgiza, mu ma da muke baƙi mun yi kuka. A Disamba aka fitar da wata waƙa don tunawa da yaran, da muryoyin yaran garin a ciki, kuɗinta na taimako ne. Waƙar Spice Girls mai suna 2 Become 1 an shirya fitar da ita a wannan makon, sai aka jinkirta ta da mako guda, ta Dunblane ta samu ta hau sama, sannan tasu ta biyo ta karɓi makon Kirsimeti. Ko shawarar tasu ce ko ta kamfani, an yi abin da ya dace, kuma na ga girmansu a nan.

Amma kada ki ɗauka sa'a ce kawai take kai su. Lissafi ake yi da kalanda a hannu. Yawancin waƙoƙinsu na rani da kaka masu zafi ne, na tsalle da ihu. Da Disamba ta zo sai su fito da mai sanyi, a hankali, irin wadda kaka ba za ta ce a rage murya ba. Duka ukun haka suke. Waƙar da suka yi wa iyaye mata, Mama, a farkon Maris na 1997 aka sake ta, 'yan kwanaki kafin ranar da Turawan Ingila suke karrama uwaye, ita ma ta hau. Masu sayen kuma yawancinsu 'yan mata ne ƙanana, 'yan shekara bakwai zuwa sha huɗu, waɗanda kafin nan kamfanoni suka fi tallata musu ƙungiyoyin samari. Sai ga mata biyar, kowacce da irin shigarta da halinta, kowace yarinya ta zaɓi tata.

A Nuwamban 1997 suka fitar da kundi na biyu, Spiceworld, kuma a watan ne suka sallami Simon Fuller suka ce za su riƙe kansu. Jaridu suka yi ta cewa tasu ta ƙare. Bayan 'yan makonni Too Much ta zama lamba ɗaya ta Kirsimeti, ta ture waƙar wani shirin yara ƙanana mai suna Teletubbies. Da ita suka cika waƙoƙi shida na farko duka a sama, abin da ba a taɓa yi ba kafin su. Ta bakwai, Stop, ita ce ta tsaya a ta biyu a Maris na 1998. A ƙarshen Mayun shekarar Geri ta fice ana tsakiyar zagayen wasanni. Wata abokiyar aikina ta zo aiki ido jawur, ta ce 'yarta ta kwana tana kuka ta ƙi cin abinci. Sauran huɗun suka ci gaba, a Disamba suka fito da Goodbye, kowa ya ɗauke ta a matsayin sallama ga wadda ta tafi, ta hau. Shekara uku ke nan a jere, 1996 da 1997 da 1998. Kafin su Beatles kaɗai suka taɓa yin haka, daga 1963 zuwa 1965. Kundi na uku, Forever, ya zo a 2000, bai kai na baya ba, ya tsaya a na biyu, daga nan kowacce ta kama gabanta. A taƙaice faifan waƙa goma suka fitar tsakanin 1996 da 2000, tara sun zo na ɗaya.

Ni dai akwai abin da bai kwanta mini ba game da su, kuma ban taɓa ɓoyewa ba ko a gaban abokan aikina. Shigarsu ba irin wadda zan so wa 'yar shekara takwas ta kwaikwaya ba ce, kuma kalmomin waƙar Kirsimetinsu ta farko zance ne na manya da aka sa a bakin yara. Ga kuma talla: lemon kwalba, soyayyen dankali, alewa, kyamara, babu inda ba a manna fuskarsu ba, iyaye masu ƙaramin ƙarfi suna ta matse aljihu. Duk da haka na ga yarinya baƙar fata a ɗakinmu tana alfahari da gashinta saboda Melanie Brown, 'yar garin Leeds, ta bar nata a buɗe yadda Allah Ya yi shi. Wannan ma gaskiya ne, ba zan tauye shi ba.

Bayansu al'adar ta yi ta sauya kama. A 2002 wani shirin talabijin ya haɗa ƙungiyar mata da ta maza don su yi takarar wannan mako, matan, Girls Aloud, suka yi nasara. Daga 2005 zuwa 2008 duk wanda ya ci gasar waƙa ta talabijin mai suna X Factor shi yake ɗauka, har mutane suka gaji, a 2009 suka haɗa kai a Facebook suka saye wata tsohuwar waƙa don su karya abin. Daga 2018 zuwa 2022 wani mutum da matarsa da ake kira LadBaby suka ɗauka sau biyar a jere suna tara wa rumbunan ciyar da mabuƙata kuɗi, suka wuce Beatles da Spice Girls duka. Neman taimako da wannan mako ba sabo ba ne, tun 1984 aka yi shi saboda yunwar Habasha. Yanzu kuma tun 2014 ana ƙirga sauraro ta intanet, sanarwar ta koma ranar Juma'a tun 2015, shi ya sa tsofaffin waƙoƙi suke dawowa duk Disamba. Wata waƙar ƙungiyar Wham ta 1984 sai a 2023 ta samu makon, bayan shekara 39.

Sai batun takardar fam ɗaya. Wannan caca ce, 'yata, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma shagunan caca na ƙasar ma suna karɓar kuɗi a kan wannan abu kowace shekara. Kada ki sa. Ki ce musu cikin fara'a addininki ya hana ki sa kuɗi a canki-canki, amma za ki faɗi wadda kike gani za ta hau idan suna so. Na faɗi haka shekara da shekaru, ban ga wanda ya riƙe ni da shi ba. Hukuncin sauraron kiɗa kuwa ba shi kika tambaye ni ba, kina da malamai, kin kuma san gidan da kika fito.

Ita matar nan, ki lissafa shekarunta. A 1996 ba ta wuce goma ko sha ɗaya ba. Tana cikin yaran da nake gani a layin Woolworths riƙe da hannun uwayensu. Ranar Asabar idan kun samu hutun shan shayi, ki tambaye ta wa ya saya mata faifan farko, kuma a filin wasan makarantarsu ita wacce ce a cikin biyar ɗin. Ki ba ta lokaci ta ba ki amsa, wataƙila mai sayen ba ta raye.

Ki rubuto mini abin da ta ce. Kowa na gida yana gaishe ki, Inna ta ce yajin da ta aika miki yana hannun mai zuwa a Janairu.

Gwaggonki