Filin Mai Hoto: Tsuntsayen Dagona, Hazon Maraɗi da Giwayen Yankari

Wasiƙun wannan wata sun fi na kullum yawa, kuma kusan duka hanya ɗaya suka bi: hunturu ya shigo, mutane suna son fita daji da kyamara. Na zaɓi huɗu. Sauran ku yi mini uzuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Gashuwa. Shekara biyu ke nan ina tara kuɗin kyamara, burina tsuntsayen fadamarmu, musamman na Dagona. An nuna mini biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya: Nikon P950, da Nikon D3500 mai gilashin 18-55. Mai shagon ya ce D3500 ce ta ƙwararru. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, sai dai shi biki da suna yake hangowa, kai kuwa tsuntsu kake nufi, shi ko tsuntsu ba ya tsayawa a gyara masa hula.

Lambar nan 18-55 tsawon gilashin ne a milimita, ita ke nuna iya nisan da yake janyowa. A jikin D3500, 55 ɗin daidai yake da wajen 82 a ma'aunin tsohuwar kyamarar fim. Wannan ya isa hoton amarya da ƙawayenta. Amma kirinjijiyar da ke tsaye taku hamsin daga gare ka za ta fito kamar ƙwayar gero a tsakiyar faifai. P950 kuwa gilashinta a manne yake, ba a cire shi, yana tashi daga 24 har 2000, wato ninki 83. Da ita za ka ga ƙwayar idon zalɓe yana can tsallaken ruwa.

Ba banza take ba da wannan nisa ba. A cikin kowace kyamara akwai ɗan allon da ke karɓar haske, wanda ya gaji fim, masu sana'a suna ce masa sensa. Na P950 wajen milimita 6 ne a 4.5, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na D3500 kuwa 23.5 ne a 15.6, girman filinsa ya ninka wancan kusan sau 13. Ka ajiye kwanon sha da baho a ruwan sama ka ga wanda zai fi tara. Shi ya sa da sanyin asuba, ko dab da magariba, hoton P950 kan fito da tsaki-tsaki, gashin tsuntsu ya dame kamar an shafa shi da yatsa. Tana kuma da nawa wajen kama abin da ke tashi: kafin ta daidaita idonta shirwa ta wuce. Batirinta ma ba ya kai hoto 300 a caji ɗaya, alhali an auna na D3500 ya haura 1,500. Ga wanda wutar garinsu sai an ga dama, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Duk da haka, da kuɗin da ke hannunka yanzu, P950 nake ba ka shawara, tare da batir biyu na ajiya. Kyamarar da ba ta kai ga tsuntsun ba, kyawun sensarta ba zai amfane ka ba. In kuwa za ka iya daurewa ka ƙara tari har ka haɗa D3500 da gilashin 70-300, wanda zai ba ka kwatankwacin 450, to wannan hanya ta fi nisan zango, don gilashi ake canzawa ana barin jiki. Kafin ka biya, ka tura zumin ɗin, wato janyo nesan gilashin, har ƙarshe ka dawo da shi sau da yawa, ka saurara ko yana gurnani ko yana cijewa, sannan ka haska cikin gilashin da fitilar waya ka duba ko akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo.

Ina so in tsaya a kan abin da ba ka tambaya ba, don kai kana zaune ne inda wasu ke biyan kuɗin jirgi su zo. Agwagin dawa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru daga wajen Oktoba zuwa Maris, daga Turai suke, sun ƙetare Sahara. Ga namu na gida: dinya, balbela, zakaran ƙeƙuwa, kwasakwasa. Zuwana na farko Nguru na shiga kwale-kwale da farar riga, ina ta roƙon mai tuƙi ya matsa kusa. Duk inda muka nufa sai tsuntsaye su tashi kamar hayaƙi. Wani dattijo masunci ne ya ba ni aron tsohuwar taguwarsa mai duhu, ya cusa kwale-kwalen cikin kachala, ya ɗaure, ya ce in yi shiru. Ba mu cika awa ɗaya ba sai ga su suna saukowa har ina jin ƙarar bakinsu a cikin laka. Hotunan da na fi alfahari da su har yau na wannan safiyar ne, kuma gilashina a lokacin 200 ne kawai.

Saboda haka kada nisan 2000 ya sa ka lalaci. In rana ta ɗaga, kawalwalniyar da ke rawa a kan ruwa ita ma zumin yana janyo ta, hoto ya fito kamar an jiƙa shi. Ka fita bayan sallar asuba, ka sa rana a bayanka, ka gama kafin ƙarfe tara. Ka ɗinka ɗan buhu ka cika da gero ka ɗora kyamarar a kai, a cikin kwale-kwale ya fi sanda mai ƙafa uku amfani. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya yi ƙasa da 1/1000 na daƙiƙa in tsuntsun yana motsi. Kuma don Allah, sheƙa ba wurin hoto ba ce, uwa in ta tsorata takan bar ƙwai rana ta dafa shi. In yara sun kawo maka tsuntsun da suka kama da tarko don ka ɗauka, kada ka ba su ko sisi, gobe biyar za su kawo. Gauraka da iyayenmu suka sani garke-garke a fadama, yau an fi ganinta a tsakar gidan masu hali, an yanke mata fiffike.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a Maraɗi, waya kawai gare ni. Ina son hoton gonaki da sararin sama, amma duk abin da na ɗauka yanzu fari fat yake fitowa. Wayar ce ba ta da kyau? Kuma ko waya za ta iya ɗaukar raƙuman dawa?

Amsa: 'Yata, ki bar wa wayarki laifi, hazo ne. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara tana warwatsa haske, ta cinye shuɗin sama da inuwar abubuwa. Kyamarar miliyoyi ma haka za ta gani. A fagen hoton fili, tazarar da ke tsakanin waya da babbar kyamara kaɗan ce, don gilashin waya dama mai faɗi ne, kuma gona ba ta gudu.

Hazo ba a faɗa da shi, aiki ake sa shi. Ki daina neman nesa, ki nemi siffa: goruba mai rassa, rumbu, raƙumi da kaya, mata a bakin rijiya. Ki tsaya yadda rana za ta kasance a bayansu da yamma, lokacin da hazo ya mayar da ita jan faifai har ana iya kallonta. Ki taɓa wuri mafi haske a fuskar wayar, ki ja hasken ƙasa har abin da ke gaba ya koma baƙi. Sai ki ga bishiyoyi sun jeru hawa-hawa, na kusa baƙi, na tsakiya toka-toka, na nesa kamar mafarki. Damina ba ta ba da wannan. Ki kuma lura da gawo: shi kore shar yake a rani, ya kaɗe ganyensa in ruwa ya sauka. Gawo ɗaya a tsakiyar gonar da aka girbe, awaki a ƙarƙashinsa suna tsintar 'ya'yansa, hoto ne cikakke. In kuwa shuɗin sama da gajimare kike so, ki jira washegarin ruwan sama, ko kaka lokacin da gero ya yi kai.

Abu biyu ke ɓata hoton waya. Na ɗaya maiƙon yatsa a kan gilashi, ki riƙa gogewa da gefen mayafi mai laushi. Na biyu buɗa hoto da yatsu don janyo nesa, wannan yanka hoton kawai yake yi. Ki taka da ƙafarki.

Raƙumin dawa kuwa yana cikin 'yan dabbobin da waya ke iya wa, saboda girmansa da kuma sabonsa da mutane. Irin na Nijar su ne kaɗai suka rage a Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 aka ƙirga a yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, yau sun haura 600. A 2018 an kwashi 8 aka kai gandun Gadabeji da ke jiharku. Amma ki tuna a Kure aka kashe mutum 8 a watan Agusta na 2020. Kada ki je ko'ina sai da iznin iyaye, da ɗan jagora na hukuma, bayan an tambayi halin hanya a wannan makon.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a Kaduna. Na gaji Nikon D3100 daga yayana, ina so in kai iyali Yankari. Wane wata ya fi, wane gilashi zan saya, kuma zan ga zaki?

Amsa: Allah ya jiƙan yayanka. Kyamararsa tsohuwa ce amma da sauranta. Ka kula da abu ɗaya a kasuwa: gilasan Nikon masu alamar AF-P ba sa aiki da D3100. Ka nemi mai alamar AF-S, 55-300 ko 70-300, kuma mai VR, wato mai rage rawar hannu. A Yankari wannan ya wadatar. Manyan nan na 150-600 nauyinsu ya kusa kilo 2, a cikin mota mai tsalle ga yara a gefe, wahala za su ba ka.

Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, dabba kuwa ruwa take bi. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, kowa ya watse. Daga Fabrairu zuwa Afrilu tafkuna sun ƙafe, sai a taru a kwarin kogin Gaji. Zafi akwai shi, amma lokacin ne. Ka shiga fitar farko ta safe, ka roƙi direba ya kashe inji duk inda aka tsaya, don karkarwar mota tana shiga hoto. Gwambaza, mazo, gadu da gwaggon biri kusan tabbas ne. Ɓauna, gwanki da kanki sai da rabo. Giwa ta ragu ƙwarai, amma garkenta yana nan, 'yan gandun daji su suka san inda ya kwana, ka gaishe su da kyau ka tambaye su. Zaki kuwa kada ka yi wa yara alkawari. Na yi zuwa da yawa, sawunsa kawai na taɓa ɗauka a kan yashi, kuma hoton yana rataye a ɗakina.

A masaukin Wikki ka riƙe jakar kyamara a jikinka, ka rufe ƙofa da taga, birai sun san jaka kuma sun iya buɗe ta. Kada yara su ba su abinci. In kyamarar ta zo da gilashin 18-55, ka ajiye shi don ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Da sassafe kafin jama'a su sauko, ana ganin farin yashin ƙasansa tar.

Tambaya: Malam, daga Zariya nake. Duk hoton da na ɗauka akwai ɗigo baƙi a sama, wuri ɗaya. Na goge gilashi bai tafi ba.

Amsa: Ƙura ce a kan sensa, ɗan'uwa, ba a gilashi take ba. Ka sa buɗin gilashin a f/16, wato ka tsuke ƙofar da haske ke shiga, ka ɗauki farin bango, za ka ga adadinsu. Ka sayi 'yar robar hura iska ta masu kyamara, ka cika batir, ka buɗe sensar ta hanyar da kyamarar ta tanada, ka kifa bakinta ƙasa ka hura. Kada ka hura da baki, kada ka sa auduga ko gefen riga. Na taɓa kai tawa wurin wani mai gyaran waya ya goge da tsumma, ya bar mini zane biyu da suka zauna a kowane hoto har na rabu da kyamarar. In hurawa ba ta fitar ba, ka kai wa mai gyaran kyamara, ka tsaya a kansa.

A hunturu ka zaɓi gilashi ɗaya tun daga gida. In canji ya zama dole, ka kashe kyamarar, ka shiga mota ka rufe taga. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba, ita ke haifar da yanar nan a cikin gilashi. Ka samu robar abinci mai murfi mai kamawa, ka zuba 'yan ƙunshin hatsin shan laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa ajiye kayanka a ciki, kana shanya ƙunshin a rana duk bayan mako biyu.