Wai da gaske rakun wanke abincinsa yake kafin ya ci?

Tambaya: Salam malam. Na ga bidiyon wata dabba kamar ta sha kwalli a ido, wutsiyarta zobe-zobe, tana tsoma abinci a ruwa tana murzawa. An ce sunanta rakun. Tsafta ce ta sa? Kuma in mutum ya samu zai iya kiwonta a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh gaskiya ba wanki yake ba, lalube yake. Rakun dabbar Arewacin Amurka ce, da dare yake yawo, kuma hannunsa ya fi idonsa aiki. Yatsu biyar gare shi a kowane hannu, cike da jijiyoyin ji, in ruwa ya jiƙa fatar sai ta yi laushi ya ƙara jin abin da ya riƙe. A daji bakin rafi yake zuwa neman kwaɗi da ƙananan kifi, zaka ga ya zura hannu cikin ruwa yana juya duwatsu alhali idonsa na kallon wani waje daban. Na cikin keji su suka fi yawan tsoma abinci a ruwa, kamar wancan farautar suke tunawa, kuma ko ruwan datti ne zai tsoma, kaga ba maganar tsafta kenan.

Batun kiwo kuwa, dan Allah malam ka cire shi a ranka. Yana jariri abin sha'awa ne, amma da ya balaga sai cizo da ɓarna, yana buɗe ƙofa da murfin bokiti kamar yaro, ga shi yana ɗaukar ciwon haukan kare, akwai kuma wata tsutsa a kashinsa da in ƙwanta ya shiga jikin mutum tana iya kaiwa har ƙwaƙwalwa.

Jafan ta gwada ta ji a jikinta. Bayan wani fim ɗin katun kan ɗan rakun da aka nuna a 1977 mutane suka riƙa shigo da 'ya'yan rakun, da suka gagare su sai suka sake su a daji, yau suna cinye amfanin gona suna lalata rufin tsofaffin wuraren ibada. Jamus ma a 1934 aka sake su kusa da tafkin Edersee, yanzu a garin Kassel har cikin silin suke haihuwa.

Shi wannan na bidiyon ba ya cikin haɗarin ƙarewa. Wanda ke ba ni tausayi shi ne ɗan uwansa ƙarami na tsibirin Kozumel a Meziko, nan kaɗai yake a duniya, otal-otal na cinye dajinsa, karnuka da maguna kuma na kawo masa cuta.