Mulki, jagoranci da sarkin yawa

Wani malamin firamare daga Maiurno ta ƙasar Sudan ya rubuto: "Malam, a rediyo nakan ji an ce mulki nagari, wani lokaci jagoranci nagari. Duk ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, Malam. Mulki daga Larabci muka aro, kuma tushensa ɗaya da mallaka. Ku da kuke juya harsunan biyu a baki kullum kun fi ni jin wannan. Wanda ya mallaki gona, in ya ga dama ya noma, in ya ga dama ya sayar, ba mai tambayarsa. Shi ya sa muka kira zamanin Turawa mulkin mallaka. Shi kakanninku suka ƙi: bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka sauka bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa.

Jagora kuwa tamu ce ta gida: ja da gora. Tuna yaron nan da ke riƙe da kan sandar makaho ranar kasuwa. Shi ne a gaba, amma ba shi ke zaɓar inda za a je ba. Mai sanda ya ce masallaci, to masallaci za a nufa. Yaro ya hango kwata ya kauce, ya ga amalanke ya dakata, da yamma kuma a zazzage aljihu a ƙirga abin da aka samu. Ba makafi nake kiran talakawa ba, a'a. Abin nufi, sandar ta na baya ce. A dimokuraɗiyya ƙuri'a ce sandar. Kasafin kuɗin da ake karantawa a fili, da alƙalin da ba ya tsoron gwamna, da ɗan jaridar da zai yi tambaya ya kwana a gidansa, su ne ƙirgar yamma. Don haka ni na fi son a ce jagoranci nagari.

Wata Hajiya daga Gadarif ta ce ɗanta yakan ce "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" shi ne dimokuraɗiyya gaba ɗaya. Tana tambaya ko haka ne.

Hajiya, yaron ya kama rabin zancen. Karin maganar gaskiya ne, kuma kun gani da idonku. A Disamba 2018 burodin fam 1 ya koma fam 3, mutanen Atbara suka fito, zanga-zanga ta bazu har Khartum. Ranar 11 ga Afrilu 2019 soja suka sauke shugaban ƙasa Umar al-Bashir bayan shekara kusan 30 a kan mulki. Amma karin maganar ranar karawa kaɗai yake faɗa, bai ce komai a kan washegari ba. A Oktoba 2021 soja suka ture gwamnatin riƙon ƙwarya, a Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke, kuma na san Gadarif ɗinku ta karɓi masu gudun hijira har a azuzuwan makaranta. Ina rubuta wannan zuciyata ba daɗi. Yawa yana iya ture bango, amma gini sai da dokar da ta hau kan mai bindiga kamar yadda ta hau kan mai shayi. A cikin taken masu zanga-zangar akwai adalci, kuma ita ce kalmar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa hujja a kanta, inda ya nuna cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Ki ce wa yaron ya riƙe maganganun biyu tare.

Wani ɗalibi daga Kasala ya tambayi ma'anar "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Ɗana, lada a nan kuɗin aiki ne, ba na lahira ba. Wanzami ya karɓa, to ba shi da damar ƙyamar kan. Haka wanda ya bi gida-gida yana roƙon ƙuri'a: in famfon unguwa ya ƙafe, ƙofarsa za a buga, kuma ya fito.