Fatawa: Likita ya ce ba a san sanadin ciwon mahaifiyata ba, dangi sun ce jifa ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Mahaifiyata mai shekara 68 tana tashi da asuba kafaɗunta biyu da wuya da ƙugu sun sandare, ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa sai rana ta ɗaga. An ɗebi jininta a asibiti, likita ya ce polimiyaljiya rumatika ce, ya ɗora ta a kan ƙwayar prednisolone, ya kuma ce ba a san takamaiman abin da ke kawo ciwon ba. 'Yan'uwanta sun ce tunda likita bai sani ba to jifa ne, har suna nuna abokiyar zamanta. Suna so ta bar ƙwayar a kai ta wajen mai duba. Mene ne hukuncin wannan? Kuma yaya za ta yi da alwala da salla da azumi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ɗana, zan fara da batun zargin, domin ya fi ciwon kafaɗar hatsari a lahira. Da likita ya ce ba a san sanadi ba, nufinsa bincike bai gano abu guda da za a nuna a ce shi ne ba. Ciwon kansa sananne ne. Kusan ba ya kama wanda bai kai shekara 50 ba, ya fi yawa a wajen shekara 70, kuma mata sun fi maza kamuwa da shi ninki biyu ko fiye. Garkuwar jiki ce ke tayar da kumburi a kewayen gaɓoɓin kafaɗa da ƙugu, shi ya sa ake ganin alamarsa a gwajin jini. Likitoci suna kyautata zaton akwai hannun gado da tsufa, wataƙila da wata cuta da ta taɓa shiga jiki ta tayar da shi. Inda ya fi yawa a duniya ma arewacin Turai ne, ƙasashe irin su Nowe da Suwidin, inda tsofaffin nan ba su da kishiyar da za a ɗora wa.

Sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne, ba mu musun abin da nassi ya tabbatar. Amma a ɗauki mace musulma a ce ita ta yi, ba shaida, ba ta amsa da bakinta ba, wannan haramun ne. Allah Ya ce a Suratul Hujurat aya ta 12 mu nisanci da yawa daga zato, domin sashen zato zunubi ne. Zuwa wajen mai duba kuwa ya fi muni: Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Ka faɗa wa kawunnanka da innoninka haka cikin ladabi. Wanda ya riga ya furta zargin a gaban mutane, ya nemi yafiyar baiwar Allah nan.

Barin ƙwayar kai tsaye bai halatta ba. Wannan magani idan an sha shi makonni, jiki yakan rage samar da nasa sinadarin da ke fitowa daga saman ƙoda, to yanke shi rana ɗaya yana iya jefa mutum cikin galabaita da faɗuwar jini, har ya kai ga rasa rai. Akan fara da miligiram 15 ko kusa da haka a rana, sauƙi ya zo cikin 'yan kwanaki, sannan likita ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan tsawon shekara ɗaya zuwa biyu. A wannan sauƙin na farko mutanenmu ke ruɗuwa su ce an warke. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Baƙara aya ta 195. A riƙa auna mata suga da hawan jini, a tambayi likita maganin kare ƙashi, kuma kada a haɗa mata da jiƙe-jiƙen "sanyin ƙashi" na 'yan talla bai sani ba. Ruƙya ta shari'a kuwa ta yi ta tare da magani. Annabi (SAW) ya koya wa Usman ɗan Abul As ya ɗora hannu inda ke masa ciwo, ya ce Bismillah sau uku, sannan sau bakwai: A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau. Wasu masu wannan ciwo yakan zo musu da kumburin jijiyar jini ta gefen goshi. Idan ta yi sabon ciwon kai a nan, ko muƙamuƙi ya riƙa gajiya in tana tauna, ko gani ya dushe ko ya rabu biyu, a kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne. Jinkiri yana iya makantar da ita, kuma kai da ke kula da ita wajibi ne a kanka.

Alwala: a ɗuma mata ruwa, musamman da hunturu. Shafar kai farilla ce, idan hannu ya ƙi ɗaguwa ta sunkuyar da kai, in bai yiwu ba 'yarta ko jikarta ta shafa mata, niyya tata ce. Haka cuɗa baya a wanka, ta yi da tsumma ko a taimaka mata. Taimama sai idan ruwan zai ƙara mata ciwo ko ya jinkirta sauƙi.

Salla: Bukhari ya ruwaito Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Malamanmu na Malikiyya sun sa tsayuwa da jingina kafin zama. Saboda haka kada ta hau kujera tun daga kabbarar harama alhali tana iya tsayuwa. Ta tsaya ta yi kabbara da Fatiha, abin da ya gagara na ruku'u ko sujada ta yi shi da nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Ɗaga hannu a kabbara mustahabbi ne, ta ɗaga iya inda ya kai. Asuba ce za ta fi ba ta wuya: ta ɗan jira jiki ya saki, amma ta sallata kafin rana ta fito. Sallar da ta iya yi a tsaye, kamar Azahar da La'asar, ba ta da uzurin zama a cikinta.

Azumi: galibi sau ɗaya ake shan ƙwayar da safe bayan an ci abinci, to idan likita ya yarda ta mayar da ita lokacin sahur, ta yi azuminta. Idan ya ce azumi zai cutar da ita, ko suga ya hau, ta sha ta rama bayan ta samu sauƙi, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 185. Ciwo ne da ake sa ran warkewarsa, don haka ramuwa ce a kanta. Ciyarwa sai idan tsufa ya hana ta azumi gaba ɗaya, a nan ta ba miskini mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana.

Wallahu a'alam.