Tambaya da Amsa: Bargon ulu da bakinsa ya ƙi kwanciya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saƙa wa jaririn ƙanwata bargo da kibiya, sai gefensa ya riƙa nannaɗewa kamar tabarma. Na bi bakin da kwarashi don ya kwanta, sai kuma ya yi tattara. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu, Rigasa.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Nannaɗewar ba laifin hannunki ba ne, halin saƙar ce. Duk saƙar da aka yi layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, wadda fuskarta ke fitowa sumul, to dole gefenta ya naɗe, domin zaren fuska da na baya ba ja ɗaya suke yi ba. Maganinta tun daga farawa ne: layi takwas na farko da takwas na ƙarshe ki yi su da saƙar gaba zalla, haka ma ido (wato zaren da ke maƙale a kan kibiya ɗaya-ɗaya) biyar na farko da biyar na ƙarshe a kowane layi.

Tattarar kuwa daga ƙirga take. Da zare matsakaici da kibiya mai kaurin milimita 4, santimita 10 kan ɗauki ido 22 a faɗi, amma layi wajen 28 zuwa 30 a tsawo. Kin ga layi ya fi ido gajarta. Idan kika soka kwarashi a kowane layi na gefe, kin cusa wa bakin zaren da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa yake tattara. Ki warware, ba asara ba ce, zaren zai sake aiki. A gefen tsawo ki soka a layi uku, ki tsallake na huɗu. A sama da ƙasa, kowane ido soka ɗaya. A kusurwa kuma soka uku cikin rami guda, in ba haka ba kusurwar za ta kumbura kamar ƙoƙo. Zagayen farko ki yi shi da saƙar kwarashi mafi gajarta, ki shimfiɗa bargon a kan gado ki duba. Sai ya kwanta lafiya lau sannan ki hau ado. Idan kika ga bakin yana jan bargon ciki, sokar ta yi kaɗan ko kin matse hannu.

Tambaya: Hunturu ya kusa, ina son saƙa bargon jariri. Ulu nawa zan saya, kuma yaya zan gane na gaske? Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi.

Amsa: Bargo mai faɗin santimita 75 da tsawon 90 zai ci giram 450 zuwa 500, har da na baki. Da zare matsakaici, ki ɗora ido 165 a kan kibiya mai igiya mai kaurin milimita 4, don gajeriya ba za ta ɗauke su ba. Ki yi lissafi da giram, kada ki ƙirga dunƙule, girmansu ba ɗaya ba ne. Kuma in kin shiga Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna ki saye shi duka a rana ɗaya, ki duba lambar rini a takardar da ke jikin kowane dunƙule ta zama iri ɗaya. Fari ma yana da kala-kala, sai kin haɗa a hasken rana za ki ga bambancin.

Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne. Ki tsinke ɗan guntu ki sa masa ashana: na tumaki zai yi ƙaurin gashi ya murmushe, na roba zai narke ya dunƙule da tauri. Ga jariri mun fi son na roba mai laushi, domin yana jure wankin yau da gobe. Sai dai kada dutsen guga ya taɓa shi. Na tumaki kuwa ruwan sanyi, ba cuɗawa, ba murɗawa. Ruwan zafi da cuɗa su ke sa shi ya ƙanƙance ya cure. Kowanne ne, ki naɗe shi cikin tawul ki danne ruwan, ki shanya shi a kwance a inuwa, don igiya takan ja shi ya yi tsawo.